MAI ƘANANAN YARA TSAKANIN AYYUKA BIYU: WANNE ZAI ƊAUKA?

Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raba arziki tsakanin bayinsa, ya kuma sanya nemansa ta hanyar halal ya zama ibada. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya taso ne daga wata tambaya wadda ba ta yankewa a zauren masallaci, musamman bayan kaka, idan an ɗaure hatsi an kai rumbu, kowa ya ga iyakar abin da ya samu. Magidanci zai zo bayan sallar La'asar ya ce: "Allah gafarta Malam, ga ni da yara uku, babbansu bai kai shekara 7 ba. An yi mini hanyar aikin tuƙi a Yamai, albashinsa ya ninka abin da nake samu a nan. A nan kuwa ina da ɗan teburina a kasuwa, da garkar rani. Wanne zan ɗauka?" Wata rana kuma mace ce za ta aiko da tambaya ta bakin mijinta: tana karantarwa a lekol cikin garin Filinge, ga goyo a bayanta, sai ga aikin wata ƙungiyar agaji mai kuɗi da yawa, amma zai riƙa kai ta ƙauyuka kwana da kwanaki.

Abin da muka lura shi ne, kusan duk mai wannan tambaya da lissafi ɗaya yake zuwa, watau wane aiki ya fi kuɗi. To, wannan lissafi bai cika ba. Mai ƙananan yara yana auna aiki ne da abin da zai isa ga yaran, na ci da sha da sutura, da kuma na kulawa da tarbiyya, domin dukkansu za a tambaye shi a kansu gobe ƙiyama.

TAFIYA BIƊA BA BAƘUWA BA CE A ƘASAR KURFAI

Ba mu rubuta wannan don mu aibata fita neman halal ba. Ƙasarmu ƙasar damina ɗaya ce, ruwan wata uku zuwa huɗu, kuma ba kowace shekara hatsi ke kai mu wata kakar ba. Tun zamanin kakanninmu mutanen wannan yanki suna zuwa cirani Kumasi da Abijan da Kano da Legas, daga baya kuma Libiya da Aljeriya da Arlit. A farin 1973 da na 1984 gidaje da yawa da kuɗin ɗan cirani suka rayu.

Amma tarihin nan da kansa ya koya mana cewa babu aikin da ke da tabbas sai da ikon Allah. A 1969 Gana ta kori baƙi, a 1983 Nijeriya ta yi haka nan, a 2011 yaƙin Libiya ya maido dubban ƴan'uwanmu hannu rabbana. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, mai albashi ya wayi gari kuɗinsa ba su sayen abin da suke saye jiya, kuma a shekarun nan na 1990 ma'aikatan gwamnati sun sha yin watanni ba a biya su ba. Zinariyar Jado da ta bayyana a 2014 ta ja samari daga ko'ina, a 2017 hukuma ta rufe wurin. Kamfanin COMINAK na Arlit, wanda ake ganin aikinsa kamar gado, ya daina haƙar yuraniyom a watan Maris na 2021.

Zama gida kuma ba lalle ya zama zaman banza ba. Allah ya albarkace mu da dallol, inda ruwa ke kusa. Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin marigayi Janar Saini Kunce ta ƙarfafa noman rani, garake suka yawaita, har Bankuku ta yi suna da dankalin turawa. Ga kiwo, ga kasuwar Balayara ta ranar Lahadi. Saboda haka ba za mu ce wa kowa "tafi" ko "zauna" kai tsaye ba. Ma'auni za mu ba shi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

HAƘƘOƘI BIYU DA KE WUYAN UBA

Haƙƙi na farko shi ne nafaƙa, watau ciyarwa da tufatarwa da wurin kwana. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora wannan a kan uba, aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ kuma ta nuna kowa gwargwadon samunsa ake nema daga gare shi. A mazhabarmu ta Imamu Malik, kamar yadda muka karanta a Risala, uba yana ciyar da ɗa namiji har ya balaga yana iya neman na kansa, ƴa mace kuwa har ta tare a ɗakin mijinta. Abu Dawuda ya ruwaito hadisi mai nuna cewa tozarta waɗanda mutum ke ciyarwa zunubi ne da ya ishe shi. Don haka wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara, bashi ya hau kansa, ba shi da sana'ar da za ta riƙe gidan, sai ga aikin halal a nesa ya ƙi tafiya yana cewa tawakkali yake yi, to wannan bai fahimci tawakkali ba. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Haƙƙi na biyu shi ne tarbiyya. Aya ta 6 ta Suratut Tahrim ta umurci muminai su tsare kansu da iyalansu daga wuta. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (R.A.) hadisin da ya kamanta kowannenmu da makiyayi wanda za a tambaya game da abin kiwonsa, ya ambaci namiji a cikin iyalinsa, ya ambaci mace a gidan mijinta da ƴaƴansa. Mu mutanen ƙasar kiwo ne, mun san ba a kiwo daga nesa. Wanda ya ba da shanunsa jingina ga makiyayi sai ya san sunansa, ya san rugarsa, ya riƙa leƙawa. To, yaya zai bar ƴaƴansa ba tare da ya san hannun da ya bar su ba?

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, a cikin littafinsa Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a waje alhali sun bar matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Wannan gargaɗi mu malamai ya fara shafa, sa'an nan ya shafi duk wanda aikinsa ke amfanar mutanen waje, gidansa kuwa yana lalacewa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka haƙƙi na farko yana biyan na biyu. Buhun shinkafa da aka aiko ba ya tashin yaro sallar Asuba. An umurce mu a hadisi mu fara sa yara salla tun suna da shekara 7, kuma yaro da ido yake koyo kafin ya koya da kunne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

MA'AUNI BIYAR

Duk wanda ke tsakanin ayyuka biyu, namiji ko mace, ya zauna ya amsa wa kansa tambayoyi biyar, da gaskiya.

Na farko: aikin halal ne? Wanda ke cikin riba, ko giya, ko safarar ƙwaya, ko cin hanci, ya fita daga lissafi tun farko, komai yawan kuɗinsa. A duba kuma ko zai bar mutum ya yi salla a kan lokaci, ya halarci Juma'a. Uwar Muminai A'isha (R.A.) ta ba da labari, a cikin Buhari da Muslim, cewa idan aka ba Manzon Allah (S.A.W.) zaɓi tsakanin abu biyu, mafi sauƙi yake ɗauka, muddin babu saɓo a cikinsa. Mai iyali kuwa, idan yana neman mafi sauƙi, lalle ne ya haɗa da sauƙin waɗanda ke ƙarƙashinsa.

Na biyu: nawa zai isa gida? A ɗauka, don misali, aikin Yamai jika 90 ne a wata, na gida kuwa jika 45. A Yamai sai ya kama hayar ɗaki, a ce jika 15. Abincin saye, jika ɗaya a yini, jika 30 ke nan. Kuɗin mota cikin gari da na zuwa ganin gida, tafiyar kimanin kilomita 180, a ce jika 10. Abin da ya rage jika 35, bai ma kai na gida ba, kuma ba mu sa kuɗin ƴan ƙwadago da za su nome gonarsa da damina ba. Tukunya ɗaya ta zama biyu. Wani lokaci kuma lissafin yakan nuna akasin haka, aikin nesa ya fi da tazara mai yawa, har ya isa a ɗauke iyalin gaba ɗaya a kama musu gida. Abin da muke nema shi ne a yi lissafin da alƙalami, kada a yi shi da labarin wanda ya dawo da babur da sabuwar shadda, domin ba a ganin waɗanda kunya ta hana dawowa.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi: wa zai riƙe yaran? Kada a amsa da "akwai mutane a gida". A ambaci suna. Wa zai kai su makarantar allo, wa zai duba ko sun je lekol, wa zai tsawata idan ƴar shekara 8 ta kai Magariba tana talla a tasha? Malaman fiƙihu, a babin haɗana, watau renon yaro, sun jera waɗanda suka fi cancanta: uwa, sa'an nan kaka ta wajen uwa, sa'an nan ƴar'uwar uwa, har zuwa ƙasa, kuma sun sharɗanta hankali da amana da iyawa. Tsohuwar da ba ta gani sosai, ko tana fama da kanta, ba a sauke mata yara huɗu a ce an sauke nauyi.

A nan muna jan hankali a kan wani abu da ya sha jawo kuka. Zazzaɓin cizon sauro yana tsananta daga tsakiyar damina zuwa kaka, kuma yaro ƙarami ba ya jira. Mun ga gidajen da yaro ya kwana biyu jikinsa kamar wuta, uwar ba ta kai shi gidan likita ba, don maigida ba ya nan, ba a samu izininsa ba, ko ba a samu ko dala ba. Duk mai tafiya ya bar izini bayyananne a gaban shaidu cewa a kai yaro likita dare ko rana ba sai an neme shi ba, ya kuma bar kuɗin da aka keɓe don haka. Wayar salula ta sauƙaƙa jin murya da aika kuɗi, amma wani lokaci ba ta shiga, kuma ba ta ɗaukar yaro a kafaɗa.

Na huɗu: mene ne wa'adin? Suratul Ƙasas, daga aya ta 27 zuwa ta 29, ta ba mu labarin Annabi Musa (A.S.) da aikin da ya ɗauka a Madyana: an ambaci shekara 8, ko 10 idan ya so, an yi magana a fili tun kafin a fara, da wa'adi ya cika kuma ya tafi tare da iyalinsa. An ruwaito kuma cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya tambayi ƴarsa Hafsa iyakar abin da mace za ta iya haƙurin rashin miji, daga nan ya iyakance zaman mayaƙa a fagen fama, wata 4 a wata ruwaya, 6 a wata. Idan an yi wa mai jihadi iyaka, ina ga mai neman kuɗi? A mazhabarmu, matar da aka bari ba nafaƙa tana da ikon kai ƙara a raba auren, kuma ko an bar mata abinci, idan rashin ya yi tsawo har ya cutar da ita, alƙali yakan aika wa mijin: ya zo, ko ya ɗauke ta, ko ya sauwaƙe mata. Saboda haka mai tafiya ya faɗi ranar dawowa da abin da ya je nema, a ce biyan bashi ko sayen shanun huɗa. Tafiyar da ba ta da wa'adi ita ce ke mayar da ɗan cirani baƙo a gidansa, har ɗansa ya gan shi ya ɓuya bayan uwarsa.

Na biyar: mene ne haɗarin? Ramin zinariya yana ruftawa, hamada tana cinye matafiya, wasu hanyoyi kuma na arewacin jiharmu ta Tilaberi sun sha fama da rashin tsaro a shekarun nan. Alƙur'ani ya hana mu jefa kawunanmu ga halaka, a aya ta 195 ta Suratul Baƙara. Saurayi marar nauyi da mai ƴaƴa ƙanana ba ɗaya ba ne wajen ɗaukar kasada. Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa tunkuɗe ɓarna yana gaba da janyo amfani, kuma idan cuta biyu suka haɗu, mafi sauƙi ake ɗauka.

UWA MAI AIKI

Musulunci bai hana mace sana'a ba. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) tana ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta daga dukiyarta, aka yi mata bushara da lada biyu, na zumunta da na sadaka. Mu ma muna buƙatar ungozoma da malamar asibiti da malamar makaranta daga cikin ƴaƴanmu, don matanmu su samu mata masu duba su. Dukiyar da ta samu tata ce, abin da ta sa a gida alheri ne daga gare ta, kuma albashinta ba ya sauke nafaƙa daga wuyan miji.

Amma mai goyo tana da ma'auni na musamman. Ayar Baƙara da muka ambata ta faɗi shekara 2 ga mai son cika shayarwa, ta kuma sanya yaye kafin nan ya zama da yarda da shawarar iyayen biyu. Likitoci kuma suna horo da a ba jariri nono zalla har wata 6. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ji kukan wani jariri da dare, ya tambayi uwar, ta ce tana gaggawar yaye shi ne don ba a ba yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Umar ya yi kuka, ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da rabo tun daga haihuwa. Ku duba, ƴan'uwa, yadda shugaba ya canja doka don kada kuɗi su raba yaro da nono.

Dokar ƙwadago ta ƙasarmu, ta shekarar 2012, ta ba mace mai aiki a ƙarƙashinta hutun haihuwa na mako 14, da lokacin shayarwa har awa ɗaya a kowace ranar aiki cikin wata 12 na farko. Kafin ta sa hannu a takarda, ta tambaya ko za a ba ta wannan haƙƙi, ta tambayi lokacin tashi da yawan kwana a waje. Shawararmu ga mai goyo ita ce, aikin da zai maido ta gida kullum ya fi mata a waɗannan shekaru ko da kuɗinsa kaɗan ne, sai fa idan ita kaɗai ke riƙe da gidan kuma ƙaramin ba ya isa. Shekarun goyo ƴan kaɗan ne, kuma ba su dawowa.

Muna kuma gargaɗi a kan ɗauko ƙaramar yarinya daga ƙauye don reno, a hana ta allo a hana ta lekol. Gyara ɗanka da ɓata ƴar wani zalunci ne. Idan an ɗauko ta, a ba ta karatu, a biya ta haƙƙinta, a riƙe ta kamar ƴar gida. Miji kuma ya sani ɗaukar yaro ba ya rage masa girma. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, kuma yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa.

SHAWARA DA ISTIHARA

Bayan an auna, sai a yi shawara, kuma wadda za a fara da ita ita ce uwar yaran, domin a kanta nauyin zai faɗa. Ba daidai ba ne majalisar shayi ta san mutum zai tafi Abijan, matarsa kuwa sai daren tafiya. A shawarci iyaye, musamman idan sun tsufa suna buƙatar hidima. A shawarci wanda ya taɓa yin wannan aiki, mai faɗin daɗinsa da ɗacinsa.

Sa'an nan a yi istihara kamar yadda ta zo a hadisin Jabir (R.A.) cikin Buhari: raka'a biyu na nafila, a bi su da addu'ar da aka koyar, mutum ya ambaci buƙatarsa. Ba sharaɗi ba ne sai an yi mafarki, ba kuma a sayenta wurin kowa. Idan an yi, sai a kama abin da ya bayyana shi ne daidai, a dogara ga Allah. Wanda ya zauna kada ya yi ta cizon yatsa idan ya ga ɗan cirani ya dawo da kaya. Wanda ya tafi kuma, idan ya ga gidan ya fara tsagewa, kada kunya ta hana shi dawowa.

ABIN DA KE KAN JAMA'AR MASALLACI

Wannan nauyi bai tsaya ga mai gida shi kaɗai ba. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya kula da iyalin mai fita saboda Allah da alheri yana da rabo cikin ladarsa, kuma an tsananta haramcin ha'intar wanda ba ya nan a cikin iyalinsa. Ya kamata kowane masallaci ya san gidajen da mazansu suka tafi biɗa, dattawa su riƙa tambayar lafiyarsu ta hanyar da ta dace, malamin allo ya sanar idan yaro ya daina zuwa, maƙwabci mai amalanke ko mota ya amsa idan an buga masa ƙofa da dare. Masu ɗaukar ma'aikata a cikinmu kuwa, ƴan kasuwa da masu motoci, su biya albashi a kan lokaci, su ba mai iyali damar ganin gida.

Muna roƙon ƴan'uwa su karanta wannan darasi a gidajensu, su karanta wa waɗanda ba su iya boko ba, tun kafin motocin cirani su fara cika. Wanda ke da tambaya a kan halinsa na kansa ya samu limamin unguwarsu, shi da matarsa su faɗi yadda abin yake.

Allah ya ba mu halal mai albarka, ya shirya mana zuriya, ya maido matafiyanmu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, Allah ya yafe mana. Allah shi ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.